Labarin mai amfani: tambayoyin da masu haɗa manhaja suka fi yi

Duk sa'ad da aka zauna da matasa masu koyon haɗa manhaja a nan Jos, da zarar an iso kan yadda ake gano abin da mai kaya, wato wanda ya ba da aikin manhajar, yake so, tambayoyin kusan iri ɗaya ne ke dawowa. Shi ya sa na tara su wuri guda. Misalin da zan riƙa komawa gare shi na wata manhaja ce da muka taɓa yi wa dillalan kayan gwari na Farin Gada, domin a can na fi fahimtar aikin nan.

Mene ne labarin mai amfani?

Gajeren bayani ne, jimla ɗaya ko biyu, na abin da mutum yake so manhaja ta yi masa, an faɗe shi da bakin mutumin. A wurin aiki za ka ji ana cewa yuza sitori. Ga misali: "A matsayina na dillalin tumatir, ina so in ga bashin da nake bin kowane mai saye, domin in san wanda zan ƙara wa kaya gobe." Babu maganar rumbun bayanai a ciki, babu launin madanni. Mutum ne, da buƙatarsa, da dalilinsa.

Sai dai jimlar kanta tunatarwa ce kawai. Alistair Cockburn, wani masanin haɗa manhaja, ya kira ta alƙawarin zama a tattauna, kuma ban ga bayanin da ya fi wannan ba. A 2001 Ron Jeffries ya ce labari yana da ƙafa uku: katin da aka rubuta shi, tattaunawar da za a yi a kansa, da tabbatarwar cewa an yi abin da aka ce. Kamar murhu ne, ka cire dutse ɗaya tukunya ta kife. Yawancin ƙungiyoyin da na gani suna kokawa cewa tsarin bai yi musu aiki ba, kati kaɗai suka riƙe.

Daga ina abin ya samo asali?

Kent Beck ne ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da yake jagorantar aikin manhajar biyan albashi ta kamfanin motoci na Chrysler a Amurka, cikin tsarin da ya sa wa suna Extreme Programming. A watan Fabrairun 2001 mutum 17 suka haɗu a Snowbird, jihar Yuta, suka fitar da sanarwar da ta haifi kalmar ajayil, wato salon aiki mai saurin karɓar canji, a wannan fage. Cikin abubuwan da suka fifita akwai manhaja mai aiki a kan tulin takardu, da haɗa kai da mai kaya a kan jayayyar kwangila, da karɓar canji a kan manne wa shiri.

Mutane da yawa suna ɗauka labarin mai amfani ɓangaren Scrum ne, wato wani sanannen tsarin gudanar da aiki a salon ajayil. Jagorar Scrum ta Ken Schwaber da Jeff Sutherland, har bugun 2020, ba ta ambace shi ba. Abin da ta ce shi ne a riƙe jerin ayyukan da ke jira, a yi aiki zango-zango, kowane zango bai wuce wata ɗaya ba. Ƙungiyoyi ne suka ga labari ya dace da cika wannan jerin suka ɗauka.

Me ya raba shi da doguwar takardar buƙatu da aka saba rubutawa?

Takardar buƙatu tana ɗauka cewa mai kaya ya san duk abin da yake so tun ranar farko, kuma zai iya faɗinsa. Da wuya hakan ya kasance. Mutum yakan gane abin da yake so ne bayan ya riƙe abin a hannu, kamar yadda ba ka sanin wuyan riga ya matse sai ka sa ta a gaban tela. Da labari, ana jinkirta dogon bayani sai lokacin da za a yi aikin ya matso, sannan a zauna da mai buƙatar a cike gurbin. Abin da aka sani a wata na uku ya fi abin da aka sani a makon farko, to me zai sa a ɗaure kai da na makon farko? Idan kwangilarku ta wajabta takarda, akwai amsa a kan haka can ƙasa.

Dole ne in bi tsarin "a matsayina na, ina so, domin"?

Ba dole ba ne. Wata ƙungiya ce a kamfanin Connextra na Landan ta fara amfani da shi a 2001, daga baya Mike Cohn ya yaɗa shi. Amfaninsa shi ne yana tilasta maka amsa tambaya uku: wa, me, don me. Ta ukun ita ce mai nauyi, kuma ita aka fi tsallakewa. Idan ka ga labari irin "A matsayina na mai amfani, ina so in shiga manhaja, domin in shiga manhaja," to an cika fom ne kawai. Gara a rubuta "Yaron dillali ya ga bashin yau" a yi zance a kai.

Wane ne mai amfanin? Wanda ya biya kuɗin aikin?

Nan ne muka fi tuntuɓe a wurarenmu. Wanda ya ba da aikin, Alhaji ne ko shugaban ƙungiya ko darakta a ofis, sau da yawa ba shi zai taɓa manhajar ba. Mu mun shafe makonni muna zama da wani babban dillali, muna nuna masa zane a kwamfuta. In na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ya yi?" sai ya ce, "Ya yi, Allah ya yi albarka." Ranar da muka kai manhajar rumfa, wani saurayi da ke tsaye a gefe ya ja ni waje ɗaya ya ce, "Yallaɓai, ai Alhaji ba ya taɓa littafin. Ni nake rubutawa, shi da yamma nake karanta masa jimla."

Ashe mutum biyu ne, da buƙata biyu. Yaron yana so ya shigar da ciniki da hannu ɗaya cikin daƙiƙoƙi, ana ture shi ana kiransa ta ko'ina. Alhaji yana so da yamma ya ji jimla, kuma ya tabbata ba a goge komai ba a bayan idonsa. Akwai ma na uku da ba mu lissafa ba, manomin da ya kawo kaya daga ƙauye, wanda ƙaramar waya mai tocila gare shi, saƙon tes kaɗai zai iya karɓa.

Saboda haka kafin ka rubuta labari ko ɗaya, jera mutanen da abin zai shafa, kowa da sunan aikinsa: dillali, yaron rumfa, manomi, mai saye daga kudu, sakataren ƙungiya. Ka guji kalmar "mai amfani" tsurarta a cikin labari, don tana ɓoye waɗannan bambance-bambance.

To yaya ake tattaro labaran daga bakin mutane?

Da ƙafa. Ka je inda ake aikin, a lokacin da ake yinsa. A Farin Gada wannan yana nufin sammako cikin sanyin Jos, lokacin da ake sauke kwanduna, ana loda motocin da za su yi kudu. Ka tsaya gefe ka yi kallo kafin ka buɗe baki. A irin wannan tsayuwa na leƙa littafin yaron, bangonsa duk ya jiƙe da ruwan tumatir, na ga ba ya rubuta cikakken sunan kowa. Laƙabi ne da gari, irin "mai jar mota, Fatakwal". Awo kuma kwando ne da buhu, alhali mu mun sa gurbin kilo, mun kuma wajabta suna da sunan mahaifi. Babu wanda ya faɗa mana wannan a zaman ofis, domin a wurinsu abu ne da bai kai a faɗa ba.

Yadda ake tambaya ma yana da hanya. Kada ka ce, "Kana son manhaja ta yi kaza?" Mutanenmu suna da kara, ba za su so su kunyata baƙon da ya zo da kwamfuta ba, za su ce "to" ko "ba laifi". Ka tambayi abin da ya riga ya faru: "Baba, yaushe rabon da lissafi ya rikice tsakaninku da mai saye? Yaya aka yi aka warware?" Mutum ba ya ƙirƙiro abin da ya faru jiya don ya faranta maka. In ya kawo mafita da kansa, ya ce a sa masa madanni kaza, ka bi shi da "don me?" cikin ladabi har ka kai ga ciwon da ke ƙasa.

Kuma ka ware na ƙasa ka ji ta bakinsu. Yaro ba zai saɓa wa maigidansa a gaban mutane ba. Haka mata masu sana'a, sau da yawa sun fi sakin jiki idan mace ce daga ƙungiyarku ta zauna da su.

Da wane harshe za a rubuta labarin?

Da harshen da mai buƙatar zai ji ya ce "haka ne" ko "ba haka ba ne". Idan da Hausa aka yi hirar, a rubuta katin da Hausa, a karanta masa. In akwai abokan aiki da ba sa jin Hausa, a sa fassara a ƙasa, amma a bar kalmomin sana'a yadda suke: la'ada, kwando, ragi, adashe. Da zarar an mayar da la'ada wata kalmar Turanci, kowa zai cika ta da ma'anar da ya sani, kuma ba lallai ta zama ta kasuwa ba.

Wa ke da alhakin rubutawa?

Kowa a ƙungiya zai iya rubutawa. Wanda ke da alhakin jerin gaba ɗaya, da yanke abin da zai zo gaba, shi ne mai riƙon manhaja, wanda a Scrum mutum ɗaya ne ba kwamiti ba. Abin da na fi so shi ne a rubuta tare: mai riƙon manhaja ya kawo buƙata, mai rubuta manhaja ya faɗi abin da zai yi wuya, mai gwaji ya tambayi inda abin zai iya karyewa. Labarin da mutum ɗaya ya rubuta a ɗakinsa ya turo wa sauran ta WhatsApp umarni ne aka sa masa rigar labari.

Mene ne sharuɗɗan karɓa, kuma yaya ake rubuta su?

Su ne ƙafa ta uku da aka ambata a amsar farko: abubuwan da idan sun cika, kowa ya yarda labarin ya kammala. Ana yarda da su kafin a fara aikin. Dan North ya yaɗa wani salo a 2006 mai gaɓa uku, halin da ake ciki, abin da aka yi, da abin da ya kamata ya biyo baya. Ga yadda zai kasance a labarin bashi: idan ana bin mai saye naira 80,000, sai ya biya 50,000, to manhaja ta nuna saura 30,000 tare da ranar biyan. Idan ya biya fiye da abin da ake binsa, ta nuna rarar a matsayin ajiyarsa. Idan yaro ya gyara adadi, tsohon adadin ya kasance a bayyane ga dillali.

Sharaɗi na ukun nan daga damuwar Alhaji ya fito, ba daga kanmu ba. Ka yi amfani da lambobi na gaske, ka kuma karanta wa mai buƙatar. Da muka karanta na farko, sai yaron ya ce, "In kaya sun lalace a hanya fa, aka yi ragi?" Wannan tambaya ɗaya ta haifar da sabon labari. Idan sharuɗɗan labari sun haura bakwai ko takwas, alama ce labarin ya yi girma, sai a duba amsar yanka labari.

Yaya zan gane labari ya yi kyau?

Bill Wake ya ba da ma'auni shida a 2003, waɗanda aka taƙaita da INVEST, daga haruffan farko na sunayensu na Turanci. Labari ya iya tsayawa da ƙafarsa ba tare da jiran wani ba, ya bar ƙofar tattaunawa a buɗe, ya kasance da amfanin da mutum zai gani, ƙungiya ta iya ƙiyasta nauyinsa, ya zama ƙarami, kuma a iya gwada shi. A cikin shidan, biyu nake fara dubawa. Wa zai yi murna idan an gama wannan? Yaya za mu san an gama? Labarin da ya ce manhaja ta zama "mai sauƙi" ko "mai kyau" ya faɗi a tambaya ta biyu.

Labarinmu ya yi girma, ba zai shiga zango ɗaya ba. Yaya za mu yanka shi?

Kuskuren da aka fi yi shi ne yankawa bisa sassan fasaha: wannan zango a gina rumbun bayanai, na gaba a yi allon waya. Wanda kake so ya ɗanɗana girki ba ka ba shi tuwo yau, miya mako mai zuwa. Loma ɗaya za ka ba shi, da tuwonta da miyarta. Kowane yanki ya ratsa daga allon waya har rumbu, ya yi aiki, ko da ɗan ƙarami ne.

"Kula da bashi" babban labari ne. Za a iya fara da shigar da bashin mutum ɗaya a gan shi. Sai biyan duka a lokaci guda, sai biya kaɗan-kaɗan, sai ragi, sai tura wa mai saye tes na tunatarwa. Ana iya yankawa bisa matakan aiki, ko bisa nau'in mutum, ko a fara da hanyar da komai ya tafi daidai a bar matsaloli zuwa gaba. Idan kuma girman ya samo asali ne daga rashin sani, misali ba ku san yadda ake haɗa manhaja da USSD ba, ku ware kwana ɗaya ko biyu na bincike kawai, sannan ku dawo ku yanka.

Mene ne maki, kuma me ya sa ba a ƙiyasi da kwanaki?

Maki awon nauyi ne ta hanyar kwatanta labari da labari: wannan ya ninka wancan, wancan rabin wannan ne. Ana yawan amfani da 1, 2, 3, 5, 8, 13, tazarar tana faɗaɗa saboda ƙiyasin babban abu ya fi rauni. James Grenning ya fito da dabarar kati a 2002, inda kowa ke zaɓar lambarsa a ɓoye, a buɗe lokaci guda. A wurinmu wannan yana da amfani na musamman, domin ƙaramin injiniya ba zai ce takwas ba bayan babba ya ce uku. In lambobi sun yi nisa da juna, a tambayi mai mafi ƙanƙanta da mai mafi girma dalilinsu, a nan ake gano abin da aka fahimta daban. Kada shugaba ya mayar da maki ma'aunin ƙwazon ma'aikaci ko ya gwada ƙungiya da ƙungiya da shi. Ranar da aka fara haka, lambobin za su kumbura.

Labarai sun taru da yawa. Da wanne za a fara?

Akwai tsohuwar dabarar Dai Clegg ta 1994 mai raba buƙatu gida huɗu: na dole, waɗanda ya kamata, na in da hali, da waɗanda ba yanzu ba. Matsalarta, mai kaya yakan ce duka na dole ne. Abin da ya fi yi mana aiki shi ne taswirar labarai ta Jeff Patton. A jera matakan yini a bango daga hagu zuwa dama, kaya sun iso, an ƙirga, an yi ciniki, an biya ko an ci bashi, an cire la'ada, an sallami manomi. Ƙarƙashin kowane mataki a saƙala labaransa, mafi muhimmanci a sama. Sai a ja layi a ce abin da ke samansa shi ne mafi ƙarancin da zai sa yaron rumfa ya yi yini guda ba tare da littafi ba. Dillali da bai taɓa jin kalmar ajayil ba yana iya tsayawa gaban wannan bango ya gyara muku jerin, domin yininsa ne yake gani.

Abubuwa kamar tsaro, sauri da rashin sabis fa? Ba su da mai cewa "ina so".

Suna da shi, ba ya faɗa ne kawai sai abin ya ci shi. Wasu ana iya rubuta su a matsayin labari: yaron rumfa yana so ya shigar da ciniki ko babu sabis, domin layi yana ɗaukewa lokacin da kasuwa ta cika. Wasu kuma sun shafi kowane labari, don haka wurinsu shi ne ma'aunin kammala aiki na ƙungiya, wato jerin abin da dole ya cika kafin a ce kowane aiki ya ƙare: an gwada a waya mai araha, ba ta cinye data, ba ta zuƙe batir.

Akwai kuma doka. Tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane, da hukumar da ke sa ido a kanta. Idan wani ya kawo labarin da ke neman lambar NIN ko BVN ta mai saye, a tsaya a tambayi "don me?" ɗin da aka yi maganarsa a sama. Sau tari lambar waya ta wadatar, kuma bayanin da ba ku karɓa ba ba zai ɓace a hannunku ba.

Mai kaya ya zo da sabuwar buƙata a tsakiyar zango. Mu ƙi?

Ku karɓa da hannu biyu, ku rubuta ta a kati a gabansa, ku sa a jeri. Sannan mai riƙon manhaja ya nuna masa abin da ake kai yanzu, ya tambaye shi wanne za a sauke in har sabon ba zai jira ba. Yawanci idan zangon mako biyu ne, mutum yana iya haƙuri. Abin da ke ɓata aiki shi ne mai kaya ya kira injiniya kai tsaye da dare, shi kuma don kunya ya ce "an gama, ranka ya daɗe." Ku yarda tun farko cewa ƙofa ɗaya ce buƙata ke shigowa ta cikinta.

Kwangilarmu da wata hukuma ce, kuma suna son cikakkiyar takarda kafin su saki kuɗi. Labari zai yi aiki?

Zai yi, da ɗan dabara. Ku ba su takardar da ta ƙunshi manyan labarai, da rukunin mutanen da za su yi amfani da manhajar, da sharuɗɗan da ba sa canzawa kamar tsaro da adana bayanai. Ku nemi a sa a rubuce cewa ana iya musanya buƙata da wata mai nauyi ɗaya idan ɓangarorin biyu sun sa hannu. A ƙarshen kowane zango ku gayyaci jami'in da ke kula da aikin, tare da ma'aikacin da zai zauna gaban manhajar kullum, su ga abin da ke aiki, a rubuta abin da aka karɓa. Waɗannan rubuce-rubucen su za su zama hujjarku ranar biya.

Sai mun sayi manhajar tsara ayyuka irin su Jira kafin mu fara?

A'a. In kuna ɗaki ɗaya, katin kwali da bango sun isa, kuma ƙanƙantar katin tana hana a cika shi da surutu. In wasu suna Jos wasu suna Abuja, Trello ko Jira ko allon GitHub za su taimaka. Ku dai ɗauki hoton bangon duk yamma idan na kwali ne, don damina tana shigowa ta taga.